Tambaya da Amsa: Gyare-gyaren Ɗan Haya a Ƙasan Bene da Haɗarin Gobara

Wasiƙu uku da muka zaɓa a wannan fitowa duka daga Damagaram suka zo, kuma ko da yake masu su ba su san juna ba, magana ɗaya ce ta haɗa su, wato abin da ya halatta ɗan haya ya sauya a sashen ƙasa na bene, da wanda zai ɗauki alhaki idan wuta ta tashi.

Tambaya ta farko, daga wani malamin makaranta a unguwar Sabon Gari:

Assalamu alaikum. Malam, ina haya a ƙasan wani bene, ni da maiɗakina da yara huɗu. Sashenmu ɗaki biyu ne da falo, ƙofar gaba tana buɗewa cikin zauren da matakalar bene take, akwai kuma ƴar ƙofar baya da take fita tsakar gida. Bara ɓarayi sun shigo mana ta taga, saboda haka na yi magana da mai walda ya sanya wa duk tagogin ƙarfe. Ina kuma so in toshe ƙofar bayan da bulo, in mayar da lungun da ke gabanta ɗakin girki, in ajiye tukunyar gas da ƙaramin janareta a ƙarƙashin matakala tunda wurin a banza yake, sa'an nan in sa na'urar sanyaya ɗaki kafin bazara ta kama. Maiɗakina tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, tana so a fasa bangon falo ta wajen titi a fitar mata da tagar ciniki. Mai gidan yana zaune a Yamai, wakilinsa mai karɓar kuɗin haya kuwa ya ce mini da baki in yi duk abin da na ga dama muddin da kuɗina zan yi. To amma maƙwabcina na sama ya ce bai yarda ba, har mun fara sa-in-sa. Shin yana da hurumin hana ni gyara wurin da nake biyan haya? Me doka ta ce?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Maƙwabcinka yana da hurumi a kan wani ɓangare na abin da ka lissafa, kuma hurumin nasa ya fi ƙarfi a daidai wurin da kake gani a banza yake, wato ƙarƙashin matakala. Kai da iyalinka kuna da ƙofa biyu da tagogi kusa da ƙasa, shi kuwa da iyalinsa ba su da wata hanyar saukowa sai wannan matakala. Idan wuta ta kama a gindinta, hayaƙi mai zafi zai bi ramin matakalar ya hau sama cikin ƴan mintuna kaɗan, domin hayaƙi sama yake nema, kuma mafi yawan waɗanda gobarar gida take kashewa hayaƙi ne yake shaƙe su tun kafin harshen wuta ya iso gare su. Zauren da matakalar ba sa cikin abin da ka kama haya kai kaɗai, hanya ce ta kowa da ke gidan, don haka ko mai gidan da kansa bai kamata ya ba ka izinin mayar da wurin rumbun ajiya ba, balle wakilinsa.

Bari in tsaya a kan tukunyar gas ɗin, domin tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a ƙarshen shekarar 2011 gas ya shiga gidaje da yawa a wannan yanki, amma sanin halinsa bai shiga tare da shi ba. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi kusan ninki biyu. Idan ya zurara daga tiyo ko daga bakin tukunya, ba ya tashi sama ya fita ta taga kamar yadda mutane suke zato, sai dai ya kwanta a ƙasa ya gangara zuwa inda ya fi kwari, ya taru a lungu, a bakin magudanar ruwa, ko a ƙarƙashin matakala inda iska ba ta ratsawa. Idan ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, ƴar tartsatsin da makunnin fitila yake yi lokacin da aka danna shi ta isa ta tayar da shi. Saboda haka ne ake cewa duk wanda ya ji warin gas kada ya kunna fitila kuma kada ya kashe wadda take kunne, ya rufe kan tukunyar, ya buɗe ƙofofi da tagogi, ya fitar da kowa waje. Tukunya, ko mai kilo 6 ce ko mai kilo 12, a tsaye ake ajiye ta, a inuwa, a wurin da iska take shiga ta ƙasa. Tiyon roba yana tsufa, zafin garinmu kuma yana saurin busar da shi har ya tsattsage, nagarinsa yana ɗauke da shekarar da ya kamata a sauya shi a rubuce a jikinsa. Wanda yake so ya gwada ko akwai yoyo sai ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo da kan tukunya, idan kumfa ya riƙa tasowa to gas yana fita. Har yanzu akwai masu gwadawa da ashana, Allah ya kyauta.

Janareta a wannan lungu ya fi tukunyar muni, domin haɗari biyu yake ɗauke da su. Na farko fetur ɗin da ke cikinsa da wanda za a riƙa ɗura masa yana da zafi. Na biyu hayaƙinsa, wanda yake ɗauke da wata iska mai guba da ba ta da wari kuma ba ta da launi, irin wadda gawayi yake fitarwa idan an kwana da kasko a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Mutum yakan fara da ciwon kai da kasala, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Janareta a fili ake kunna shi, nesa da ƙofa da taga gwargwadon yadda tsakar gida ta ba da hali, bakin hayaƙinsa yana kallon waje, kuma ba a ƙara masa mai sai an kashe shi ya huce.

Batun ƙarfen taga kuwa, ba zan ce maka kada ka sa ba. Wanda ɓarawo ya taɓa shigo wa ta taga ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan tsaro, kuma mazaunin ƙasa shi ne ya fi kowa fuskantar wannan matsala. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a haɗa ƙarfen da aka like da walda a kowace taga da toshe ƙofar baya, domin idan ka yi duka biyun, mutum shida za su kwana a wurin da mafitarsa ɗaya ce tak, kuma mafitar nan tana buɗewa ne cikin zauren da ka yi niyyar ajiye gas da fetur. Ka ce wa mai walda ya yi wa taga ɗaya a kowane ɗakin kwana ƙarfe mai buɗewa kamar ƙofa, da ƴan maɗaurai a gefe guda da kwaɗo ta ciki, faɗinsa ya isa babban mutum ya fita ba tare da ya matse ba. Mabuɗin kwaɗon a rataye shi a ƙusa kusa da tagar, inda hannun da aka zuro daga waje ba zai kai ba amma yaro ɗan shekara goma zai iya ɗaukowa a cikin duhu, kada a haɗa shi da tarin mabuɗan da kake fita da su makaranta. Ƙurar hunturu tana cushe kwaɗo, don haka a riƙa buɗe shi lokaci-lokaci ana ɗiga masa mai. Ƙarin kuɗin wannan aiki kaɗan ne a kan na ƙarfen da aka like.

Ƙofar baya ka bar ta yadda take. Idan tsoron ɓarayi ne, a sauya ta da ta ƙarfe mai sakata ta ciki, wadda ake zarewa da hannu ba sai an nemi mabuɗi ba. Lungun da ke gabanta kuma bai dace da girki ba, tunda ɗakin girki shi ne wurin da wuta ta fi tashi a gida, bai kamata ya zama shi ne hanyar tserewa ba. In akwai fili a tsakar gida, rumfar kwano mai ginin bulo zuwa ƙugu ta fi muku alheri, iska za ta ratsa, gas ɗin ma ya sami wurin zama. Na ce ta kwano, ban ce ta zana ba. Ƙasar nan ba ta manta da gobarar azuzuwan zana ta watan Afrilun 2021 a Yamai ba, wadda ta ci yara kimanin 20, da ta watan Nuwamba na wannan shekarar a Maraɗi, wadda ta ci fiye da haka. Busasshiyar zana da iskar hunturu ba sa ba mutum lokacin ɗauko bokiti.

Fasa bangon falo magana ce ta daban, kuma a nan ma na sama yana da ta cewa, domin bangon ƙasa ne yake ɗauke da ɗakinsa. A ginin siminti akwai ginshiƙai da gadojin kankare masu rodi a ciki waɗanda nauyin bene yake sauka a kansu, sau da yawa a ɓoye suke cikin bango, filasta ta rufe su, ba a gane su da ido. Akwai kuma gine-ginen da aka fara su a matsayin gidan ƙasa, daga baya aka ɗora musu bene, bangon bulo da kansa ne yake riƙe da nauyin. Magini mai guduma ba zai san wanne ne naka ba sai ya fasa. Irin wannan aiki sai da izinin mai gida a rubuce, sai kuma masanin gini ya duba ya nuna inda za a buɗe da irin gadar da za a sa a saman tagar, kuma tunda fuskar gidan ta wajen titi za ta sauya, ka tuntuɓi ofishin magajin gari na da'irarku kafin a taɓa bulo ɗaya. A ganina teburi da kula a ƙofar gida za su yi wa uwargida aikin da tagar za ta yi, ba tare da an taɓa bango ba.

Saura lantarki, wanda shi ne ya fi kowanne ɓoye haɗarinsa. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, bolt 220 ce, saboda haka layin da aka yi shi don amfiya 10 ba ya ɗaukar fiye da wat 2,200. Na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya takan ci wat 1,000 ko fiye, dutsen guga ma haka, ga firizar ƙanƙarar uwargida da ba ta hutawa dare da rana, ga abin dafa ruwa da ake tsomawa a bokiti da sanyin safiya. Idan duk waɗannan suka hau kan siririyar waya guda, wayar takan yi zafi a cikin bango ko a saman silin, robarta ta narke sannu a hankali, ba wanda ya gani, sai ranar da ta kama. Ƙa'idar masu aikin lantarki ita ce waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta fitilu ce, ta soket kuwa 2.5, na'urar sanyaya ɗaki kuma a ja mata layinta ita kaɗai tun daga allon rarraba wuta, da nata makatsin da yake yanke wuta da kansa idan nauyi ya yi yawa. Idan makatsin yana yawan faɗuwa, gargaɗi yake yi, kuma babban kuskuren da ake yi shi ne a sauya shi da wanda ya fi shi ƙarfi ko a ɗaure shi da waya don a huta da tashi. Ka fara bincika ko mitarku ɗaya da na sama, domin in haka ne ƙarin nauyinka zai shafi layinsu da kuɗin da suke biya. Ga kuma wata ɗabi'a da yawan ɗauke wuta ya koya mana: a bar guga ko abin dafa ruwa a jone, wuta ta tafi, a manta a fita ko a kwanta, ta dawo tsakar dare ba kowa a kusa. Duk abin da yake yin zafi a zare shi daga soket da zarar an ɗauke wuta.

Game da doka, Nijar tana da dokar hayar gidaje da aka yi a 1996, amma tushen alhakin gobara yana cikin kundin dokokin farar hula da ƙasar ta gada daga Faransa. Sashe na 1733 ya ce ɗan haya ne yake ɗaukar alhakin gobarar da ta tashi a wurin da yake haya, sai fa idan ya tabbatar da ɗaya daga cikin abu uku: cewa wani abu ne da ya fi ƙarfin kowa ya haddasa ta, ko aibi ne a ginin kansa, ko kuma daga gidan maƙwabta ta tsallako. Ka lura da wanda aka ɗora wa kawo hujja. Ba mai gida ne zai nuna ka yi sakaci ba, kai ne za ka wanke kanka. Idan ƴan haya suna da yawa a gida ɗaya kuma aka tabbatar a sashen wane ta fara, shi kaɗai ne yake ɗauka. Wannan ya sha bamban da abin da da yawa daga cikinmu muka karanta a zaure, inda Risala ta Ibn Abi Zaid take cewa wanda ya yi hayar abu ba ya biyan asararsa, kuma ana gaskata shi sai in ƙaryarsa ta bayyana. To amma ko a fiƙihun, wannan sassauci na wanda bai ƙetare iyaka ba ne kuma bai yi sakaci ba. Mutumin da ya ja waya da kansa, ya toshe ƙofa, ya ajiye fetur a gindin matakala, ya rasa mafaka a wajen alƙali, ya kuma rasa ta a wajen malam.

Maganar baki ta wakili ba za ta tsaya maka ba ranar da aka shiga rigima, domin karɓar kuɗin haya daban, ba da izinin sauya gini daban. Ka rubuta wa mai gidan takarda, ka lissafa ayyukan ɗaya bayan ɗaya, wanda zai yi kowanne, wanda zai biya, da abin da zai faru da su ranar da za ka tashi, ko za a cire kuɗin daga haya ko za ka bar su ko za ka mayar da wurin yadda yake. Ya sa hannu, shaidu biyu su sa. Ka ɗauki hotunan ɗakunan kafin a fara, saboda doka tana ɗauka cewa ɗan hayan da bai rubuta yanayin gida ranar shigarsa ba ya karɓe shi ne lafiya lau. Shi kuwa maƙwabcinka, ka hau ka same shi ka gaya masa ka fasa ajiye komai a ƙarƙashin matakala, ina kyautata zaton sauran maganar za ta yi sauƙi.

Tambaya ta biyu, daga wata baiwar Allah a unguwar Zango:

Malam, barka da aiki. Ni da mahaifiyata, wadda ta tsufa kuma ƙafa ta hana ta tafiya sosai, muna zaune a saman bene. Yaron da yake haya a ƙasa yana sayar da fetur a kwalabe a bakin titi, da dare kuma sai ya shigo da jarkokinsa ya jera su a zaure kusa da matakala, har warin yakan hau mana ɗaki. Yaro ne mai ladabi, yana ɗauko mana ruwa, yana gaishe da Inna kullum, kuma da wannan sana'a yake ciyar da iyayensa. Ina jin nauyin yi masa magana, amma ba na iya barci. Yaya zan yi?

Amsa:

Ƴar'uwa, rashin barcinki yana da dalili, kuma wannan ba maganar da za a jira wata ya ƙare ba ce. Warin da yake hawa muku ɗaki tururin fetur ne, kuma tururin ne yake kamawa da wuta, ba sai an taɓa ruwan man ba. Fetur yana fitar da tururi ko da a tsakiyar sanyi, balle a watan Afrilu da Mayu da zafin Damagaram yake wuce digiri 40, lokacin da za ki ga jarkar roba ta kumbura har murfinta yana huci. Shi ma kamar gas ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya yi nisa daga jarkar, don haka murhun da aka hura a tsakar gida, ko guntun taba, ko babur da aka tayar a zaure, duk suna iya kunna shi wutar ta biyo shi har inda jarkokin suke. Kowa ya ji labarin tankar man da ta fashe kusa da filin jirgin sama na Yamai a watan Mayun 2019, inda mutane fiye da 50 suka rasu. Jarka biyar ba tanka ba ce, amma a rufaffen zaure sun isa su rufe matakala gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, ruwa kuma ba ya kashe wutar fetur, sai dai ya ɗauke ta ya watsa.

Tunda yaron mai kunya ne, ba sai an kai ga hukuma tun farko ba. Ki sami wani dattijo da yake jin maganarsa, ko limamin masallacin unguwa, a zauna da shi, a nuna masa cewa ba sana'arsa ake so a kashe ba, wurin kwanan man ne kawai ake so a sauya, domin shi ma a wurin yake kwana. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa sananne ne, kuma malam zai fi ki iya faɗa masa shi. Mafita ita ce a nemi wurin ajiya a fili, nesa da ɗakunan kwana, akwatin ƙarfe mai ramukan iska da kwaɗo a ƙarƙashin inuwa, da bokitin yashi a gefensa. Idan an yi haka bai daina ba, sai a sanar da mai gidan, domin wurin zama ya ba shi haya, ba rumbun mai ba, kuma doka ta wajabta wa ɗan haya ya yi amfani da gida a kan abin da aka ba shi dominsa. Bayan mai gida sai mai unguwa, bayan shi sai ofishin magajin gari ko ƴan sanda. Kada kunya ta sa ki tsaya a mataki na farko idan bai yi aiki ba.

Kafin a warware, ki shirya wa daren da ba a fata. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ki koya wa duk wanda yake kwana a gidan, kuma a kira su tun wuta tana ƙarama, tare da faɗin unguwa da wata sananniyar alama ta kusa, domin lungunanmu ba duka mota take shiga ba, ƙarancin ruwan garin nan kuma ba baƙon kowa ba ne. Ki mayar da shimfiɗar Inna ɗakin da yake da taga ko baranda ta wajen titi, ki tabbata ƙarfen wannan tagar yana buɗewa, ki kuma yi magana da maƙwabcin da yake da tsani tun yanzu. Idan kin buɗe ƙofa kin ga hayaƙi ya cika matakala, kada ki gwada sauka da tsohuwa ta cikinsa. Ki rufe ƙofar, ki toshe ƙasanta da jiƙaƙƙen zane, ku koma bakin taga ku yi kururuwa, kuna ƙasa-ƙasa inda iska ta fi tsabta. Akwai ƴar na'ura mai batir da ake mannawa a silin, wadda take ƙara idan ta ji hayaƙi, in kin samu ki sa ɗaya a saman matakala.

Tambaya ta uku, daga wani mai gida a unguwar Birni:

Malam, na ba wani tela hayar shagon ƙasa na gidana shekara uku da suka wuce. Ya raba shi biyu da katako, ya ja wayoyin kekunansa da guga ta saman silin, ban hana shi ba amma kuma ban ba shi izini ba. Yanzu zai tashi, yana neman in biya shi jika 300 na gyaran da ya yi. Wajibi ne in biya?

Amsa:

Alhaji, tunda shago ne, hayarku tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka masu bin dokar kasuwanci iri ɗaya wadda Nijar take cikinta, an kuma sabunta dokar a 2010. Abin da ta tanada shi ne ana iya mayar wa ɗan haya kuɗin gini da gyaran da ya yi da izinin mai gida. Inda babu izini hujjarsa tana da rauni, sai dai shirun da ka yi shekara uku kana gani zai iya zama abin da zai riƙe a gaban alƙali, don haka sulhu a gaban mai unguwa ya fi muku arha ku duka. Ka duba abin da zai amfane ka a cikin gyaran ka saya a kan farashin da ya dace da tsufansa, sauran ya kwashe abinsa ya gyara inda ya huda.

Wayoyin ne abin da ya fi jika 300 muhimmanci. Kada ka sa sabon ɗan haya sai ƙwararren mai aikin lantarki ya hau saman silin ya duba, domin a irin wannan aiki akan sami mahaɗar waya da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda, tana kwance a kan busasshen katako, ƙura da ƙyallaye sun taru a kanta. Daga ranar da telan ya miƙa maka mabuɗi wayoyin sun zama naka, doka ta wajabta maka ka miƙa wuri cikin kyakkyawan yanayi, kuma idan gobara ta tashi daga aibin da ke jikin ginin, sabon ɗan hayan zai iya kare kansa da wannan, asarar ta dawo kanka. A cire duk wayar da ba ta cikin bututu, a sa wa shagon nasa makatsin wuta, a haɗa da na'urar kariya mai miliamfiya 30 wadda take yanke wuta idan ta fara zurara ta jikin mutum ko ta jikin ƙarfe. Tana da ɗan maɓallin gwaji a fuskarta, a riƙa danna shi sau ɗaya a wata, idan wuta ba ta yanke ba a sauya ta. A sabuwar yarjejeniyar kuma ka rubuta ƙarara cewa ba a ƙara waya, ba a toshe ƙofa ko taga, ba a ajiye fetur, sai da sa hannunka, kuma ka sa sharaɗin a rataye tukunyar kashe gobara mai hoda, mai kilo 6, kusa da ƙofar fita, a riƙa duba allurarta tana kan kore.